TALLAN DA BABU SHI A FILIN WASA: DARASI KAN ƘIRƘIRA DA HAƘƘIN MALLAKARTA

Duk mai kallon wasannin ƙwallon ƙafa na Turai a talabijin ya san allunan nan masu haske da ke kewaye da fili, waɗanda tallace-tallace ke ta sauyawa a kansu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a wasu wasannin, tallan da mai kallo ke gani a Kano ko Legas ya bambanta da wanda 'yan kallo ke gani a cikin filin, ya kuma bambanta da wanda ake nuna wa mutanen Sin ko na Amurka a daidai wannan lokaci. Kwamfuta ce ke rufe abin da ke kan allon ta ɗora wani, kafin hoton ya iso akwatin talabijin, kuma takan yi aikin ta yadda ido ba zai gane ba.

Wannan fasaha ta haura shekara talatin, kuma tun farkonta take tafiya tare da takardun mallakar ƙirƙira, wato shaidar da hukuma ke bai wa wanda ya ƙago wani sabon abu domin kada wani ya yi amfani da shi sai da izninsa. A wannan darasi za mu duba yadda fasahar ke aiki, da waɗanda suka ƙago ta, da abin da takardun mallakar suka tsinana musu, sannan da abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi kafin ya zuba kuɗinsa a talla irin wannan.

Fili kaɗan, masu kallo da yawa

A ilimin tattalin arziki, abu yakan yi tsada idan ya yi ƙaranci alhali masu nemansa suna da yawa. Gefen filin wasa yana da iyaka, minti casa'in ɗin wasan ma ba ya ƙaruwa. Saboda haka a da, mai fili yana da haja ƙwaya ɗaya ce tak da zai sayar wa wanda ya fi tayi mai tsoka.

Amma akwai asara a cikin wannan ciniki. A ce wani ƙaramin banki a Sifen ya sayi allo a wasan da ake kallo a ƙasashe da dama. Bankin ba shi da reshe a Nijeriya, ba shi da shi a Indonesiya. Duk idon da ya ga tallan a waɗannan ƙasashe bai amfane shi da komai ba, don haka ba zai biya ko anini saboda su ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai kamfanin sadarwa ko na lemo a Afirka ta Yamma da ke son waɗannan idanu, amma ba zai iya gogayya da manyan kamfanonin duniya wajen sayen allon da kowa zai gani ba.

Fasahar saka talla a cikin hoto ita ta warware wannan. Idan aka raba hoton wasa gida huɗu, kowane yanki na duniya da nasa, allo ɗaya ya zama alluna huɗu. A lura, yawan masu kallo bai ƙaru ba ko da mutum ɗaya. Abin da ya sauya shi ne kowane mai talla yana biyan kuɗin idon da zai amfane shi ne kawai, mai fili kuma yana karɓar kuɗi a kan idanun da a da suke tafiya a banza. Bugu da ƙari, dokokin talla sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Faransa ta hana tallan giya a talabijin tun dokar 1991, Italiya kuma ta kafa dokar hana tallan caca a 2018. Da wannan fasaha ana iya nuna wa kowace ƙasa abin da dokarta ta yarda da shi.

Mene ne awon kyamara?

Ginshiƙin wannan aiki duka shi ne abin da za mu kira awon kyamara. Kyamara tana ɗaukar abin da ke da tsawo da faɗi da zurfi ta mayar da shi shimfiɗaɗɗen hoto. Abin da ke kusa yakan yi girma, na nesa ya ƙanƙance, layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa su zama kamar za su haɗu a can gaba. Idan ana so a ɗora hoton da babu shi a wurin, ya zauna daram kamar an kafa shi da ƙusa, dole kwamfuta ta san amsar tambayoyi iri biyu.

Na farko, halin kyamarar ita kanta: ƙarfin gilashinta wajen jawo abu kusa, inda tsakiyar hoton take, da yadda gilashin ke ɗan lanƙwasa miƙaƙƙen layi, musamman a gefe-gefe. Na biyu, matsayinta a fili: a ina aka kafa ta, tsayinta nawa daga ƙasa, ina ta fuskanta, kuma nawa ta sunkuya. Gano waɗannan amsoshi da lissafi shi ne awon kyamara. Ya yi kama da aikin safiyo, wanda in ya san nisan wasu turaku da kusurwar da ke tsakaninsu zai iya faɗin inda yake tsaye.

Filin ƙwallon ƙafa ya sauƙaƙa wannan aiki, domin dokar wasa ta ƙayyade awonsa. Layin da'irar tsakiya yana nisan mita 9.15 daga ɗigon tsakiya, ɗigon bugun fanareti yana mita 11 daga layin raga, babban gidan mai tsaron gida ya fito mita 16.5, ita kuma ragar faɗinta mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44. A ƙa'idar lissafi, idan aka gane wurare huɗu a kan shimfiɗaɗɗen wuri, muddin babu uku daga cikinsu da ke kan layi ɗaya, an sami abin da ake bukata don sanin inda kowane ɗigo na filin zai faɗa a cikin hoto.

Masana biyu sun yi fice a wannan fage. Roger Tsai na cibiyar binciken kamfanin IBM ya wallafa hanyarsa a 1987. Sai Zhengyou Zhang na sashen binciken kamfanin Microsoft, wanda ya wallafa tasa a 2000. Hanyar Zhang ta karɓu ne saboda araharta: a buga allo mai gida-gida baƙi da fari a kan takarda, a manna a kan katako, a ɗauki hotonsa ta fuskoki daban-daban, sauran aikin na kwamfuta ne. Kamfanin Microsoft ya sami takardar mallakar wannan hanya a Amurka a 2002. Wa'adin takardar ya riga ya ƙare, kuma a yau ɗalibai da injiniyoyi a ko'ina suna amfani da hanyar ta cikin manhajar OpenCV da ake samu kyauta.

Matakai uku na saka talla

Mataki na farko shi ne bin sawun kyamara. Mai ɗaukar hoto ba ya tsayawa wuri ɗaya: yana juya kyamara dama da hagu, yana ɗaga ta, yana jawo hoto kusa. A tsarin talabijin da aka saba da shi a Turai da Nijeriya hotuna 25 ke wucewa a kowace daƙiƙa, a Amurka kusan 30. Kowane ɗaya daga cikinsu sai an sake yi masa lissafi. Hanyoyi biyu ake bi. Ko dai a ɗaura wa kyamarar na'urorin awo da ke sanar da kwamfuta kowane motsi, ko kuma kwamfutar ta riƙa duba hoton da kanta tana gane alamomi kamar layukan fili da kusurwoyin alluna. Sau da yawa akan haɗa biyun.

Mataki na biyu shi ne zana tallan daidai da yadda zai kasance da a ce yana wurin: a karkata shi, a rage ko a ƙara girmansa, a daidaita haskensa da na rana ko na fitilun fili.

Mataki na uku ya fi kowanne wuya, kuma a kansa aka fi yin rigima a kotu. Idan ɗan wasa ya gifta gaban allon, wajibi ne tallan ya kasance a bayansa. In ba haka ba sai a ga talla ya hau kan ƙafar mutum, asiri ya tonu. Hanyar farko da aka bi ita ce ta launi: a koya wa kwamfuta launukan ciyawa ko na allo, waɗanda za ta iya rufewa, da launukan riguna da fatar jiki da ƙwallo, waɗanda ba za ta taɓa ba. Wannan hanya takan ba da wahala idan ƙungiya ta sa koren kaya, ko hadari ya sauya hasken fili. Daga baya kamfanin Supponor, wanda ya samo asali daga Finland, ya fito da dabarar sa alluna su riƙa fitar da wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani, amma wata na'ura da ke haɗe da kyamara tana ganinsa. Duk inda hasken ya yanke, to wani abu ya gifta. A 'yan shekarun nan kuma an koma ga manhajojin da aka horar da ɗimbin hotuna har suka iya bambance mutum da allo ba tare da an taɓa allon ba.

Waɗanda suka share fage

Kamfanin da aka fi dangantawa da farkon wannan sana'a shi ne Princeton Video Image na jihar New Jersey a Amurka, wanda Brown Williams da Roy Rosser suka kafa a 1990. A watan Nuwamba na 1993 ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba da takarda mai lamba 5,264,933 kan hanyar saka alama ko talla a cikin hoton talabijin ta hanyar gane alamomin da ke cikin hoton. A 1995 aka fara amfani da na'urar kamfanin a wasan besbol na wata ƙaramar ƙungiya a garin Trenton, daga nan ta shiga wasannin manyan ƙungiyoyi.

Sai dai abin da ya sa jama'a suka san fasahar ba talla ba ne. A wasan zari-ruga irin na Amurka, ƙungiya na bukatar ci gaba da yadi goma kafin a sabunta mata dama, kuma mai kallo a gida yakan sha wuya wajen gane inda iyakar take. Ranar 27 ga Satumba, 1998, tashar ESPN ta nuna wasa tsakanin Baltimore Ravens da Cincinnati Bengals da wani layi ruwan ɗorawa kwance a kan ciyawa, 'yan wasa suna taka shi kamar fenti ne. Kamfanin Sportvision ne ya yi aikin, ƙarƙashin jagorancin injiniya Stan Honey. Kafin wasa sai an auna filin kaf, domin tsakiyarsa na da ɗan tudu saboda gangarar ruwan sama, an kuma ɗaura na'urorin awo a kan kyamarori, ga babbar mota guda cike da kwamfutoci. Masu kallo suka karɓi layin hannu bibbiyu, har ya zama ba a nuna wasan sai da shi.

To, ina waɗannan kamfanoni suke a yau? Princeton Video Image, duk da takardun mallakar da yake riƙe da su, ya shiga halin fatara a 2003. Kamfanin Cablevision ya karɓi kadarorinsa, sannan a 2010 ESPN ta sayi fasahar. Shi kuwa Sportvision, abokin hamayyarsa SMT ne ya saye shi a 2016. Kamfanin Orad na Isra'ila, wanda shi ma ya yi suna a wannan fage, ya koma hannun Avid a 2015. Supponor kuma TGI Sport ya saye shi a 2024.

Akwai darasi a nan. Wanda ya ƙago na'ura yana bukatar izinin mai fili da na hukumar wasa da na tashar talabijin kafin ya saka talla ko ɗaya, kuma su ne ke riƙe da masu kallo. Saboda haka kaso mafi tsoka na ribar yakan tafi ne wurin masu haƙƙin nuna wasa, mai fasaha kuma ya karɓi ladan aiki. Duk da haka, a lokacin da kamfanonin suka gaza ko suka nemi mai saye, takardun mallakar nan suna cikin manyan kadarorin da aka yi ciniki a kansu.

Abin da takardar mallaka ke bayarwa

Takardar mallakar ƙirƙira yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da al'umma. Shi zai bayyana sirrin abin da ya ƙago dalla-dalla, yadda duk wanda ya san fannin zai iya kwaikwaya. A madadin haka hukuma za ta ba shi ikon hana kowa ƙerawa ko sayarwa ko amfani da abin na wani ƙayyadadden lokaci. Bisa yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da ta fara aiki a 1995, wa'adin ba ya gaza shekara 20 daga ranar da aka shigar da takardar nema. Idan ya cika, abin ya zama na kowa. Takardar 1993 da muka ambata ta daɗe da cika wa'adinta.

Abubuwa uku ya kamata a riƙe. Na ɗaya, takardar tana aiki ne a ƙasar da ta ba da ita kawai. Takardar Amurka ba ta hana kowa komai a Nijeriya. Na biyu, ba a mallakar tunani tsagwaronsa. Babu wanda ya mallaki ra'ayin saka talla a cikin hoto, abin da ake mallaka shi ne takamaimiyar hanyar da aka zayyana a sashen da'awa na takardar. Shi ya sa kamfanoni da yawa suka iya shiga sana'ar, kowanne da hanyarsa. Na uku, takardar ba ta tsare kanta. Mai ita ne zai sa ido, ya ɗauki lauya, ya kai ƙara da kuɗinsa.

Misali na kusa shi ne shari'ar AIM Sport na Suwizalan da Supponor a Ingila. AIM ya yi ƙarar cewa ɗaya daga cikin na'urorin Supponor ta shiga hurumin takardarsa kan hanyar gane abin da ya gifta gaban allo mai fitilu. Supponor ya musa, ya kuma ce takardar ba ta da inganci tun asali. A watan Janairu na 2023 Babbar Kotun London ta yanke hukuncin cewa takardar na da inganci kuma an keta ta, a 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin. Mai karatu zai lura cewa ba a kan wanda ya fara saka talla aka yi jayayya ba. An yi ta ne a kan mataki guda daga cikin matakai ukun da muka bayyana, kuma wannan mataki guda ya isa ya shafi kwangilolin kamfani a ƙasa sukutum.

Iyakokin doka da na amana

Iya yin abu daban, halaccin yin sa daban. Ranar 31 ga Disamba, 1999, tashar CBS ta gabatar da labaranta na yamma daga dandalin Times Square a New York, inda ta yi amfani da na'urar Princeton Video Image ta rufe alamar abokiyar hamayyarta NBC da ke jikin wani gini, ta ɗora tata. Da jaridu suka bankaɗo lamarin a farkon 2000, an yi ta suka, har mai gabatar da labaran Dan Rather ya amince kuskure ne. Dalilin sukar a fili yake: wanda ke kallon labarai ya ɗauka abin da yake gani shi ne abin da ke wurin.

A 2002 kuma masu wasu gine-gine a wannan dandali suka kai kamfanin Sony ƙara saboda a hotunan fim ɗin Spider-Man an sauya tallan da ke jikin gininsu, aka cire na Samsung aka sa na jaridar USA Today. Kotun tarayya a New York ta kori ƙarar. Wannan shari'a ta nuna wa masu alluna cewa mallakar allo ba ta nufin mallakar kowane hoton da aka ɗauka na allon.

A ƙwallon ƙafa, dokokin wasa sun hana kowane irin talla, na zahiri ko na kwamfuta, a kan filin wasa da raga tun daga shigowar 'yan wasa har zuwa hutun rabin lokaci, da kuma daga dawowarsu har a tashi. Shi ya sa tallan ke tsayawa a allunan gefe da wajen layi. Sannan akwai haƙurin masu kallo. Lokacin da gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara ta Arewacin Amurka ta fara amfani da fasahar a dukan wasanninta a kakar 2022 zuwa 2023, magoya baya sun yi ta ƙorafin cewa tallan da ke motsi na ɗauke hankali, wani lokaci ma sashen jikin ɗan wasa kan ɓace a cikin allo.

Fasahar ta wuce fagen wasanni. Kamfanoni irin su Mirriad na London sun yi sana'ar saka kaya a cikin fim bayan an gama ɗaukarsa, alal misali kwalbar lemo a kan tebur ko allon talla a bakin titi. A 2022 kamfanin Amazon ya sanar da irin wannan tsari a wasu shirye-shiryensa. Wannan na nufin tsohon fim na iya sake kawo kuɗin talla, sai dai ya zo da tambayar da tsofaffin kwangiloli ba su amsa ba: wa ke da ikon ba da izini, furodusa, ko tasha, ko ɗan wasan da aka ajiye kayan a gabansa? Masu shirya finafinan Hausa da ke sayar wa tashoshi da dandalin intanet haƙƙin nuna ayyukansu ya kamata su fara rubuta amsar a cikin yarjejeniya.

Matsayin Nijeriya da maƙwabtanta

A Nijeriya dokar da ke kula da wannan fanni ita ce Dokar Mallakar Ƙirƙira da Zane ta 1970. Ana yin rajista a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, wa'adin takarda shekara 20 ne, tare da biyan kuɗin sabuntawa kowace shekara, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron ƙararraki. Muhimmin abin sani shi ne mai rajista yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko abin sabo ne da gaske. Dokar ta ce ana ba da takardar ne ba tare da lamunin ingancinta ba. Ma'ana, ƙarfin takardar Nijeriya ba ya tabbata sai an gwada ta a kotu.

Dokar ta kuma ce ƙa'idoji da binciken kimiyya tsagwaronsu ba ƙirƙira ba ne, don haka lissafin awon kyamara shi kaɗai ba ya samun takarda, sai an nuna hanyar aiki da shi a masana'anta. Haka nan duk abin da aka riga aka bayyana wa jama'a a ko'ina cikin duniya ya rasa sabuntarsa. Injiniyan da ya nuna dabararsa a intanet kafin ya shigar da takarda ya yi wa kansa sakiyar da ba ruwa. Idan kuma ma'aikaci ne ya yi ƙirƙirar a cikin aikinsa, haƙƙin na mai kamfani ne, ko da yake dokar ta tanadar masa sakamako a wasu halaye.

Nijeriya ta shiga yarjejeniyar haɗin kai kan rajistar ƙirƙira ta duniya a 2005, wadda ke ba mutum damar shigar da takarda ɗaya ya riƙe matsayinsa a ƙasashe da dama har kimanin wata 30 kafin ya zaɓi inda zai ci gaba. Ga mai fatauci zuwa ƙetare, a sani cewa Nijar da Kamaru da Cadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, inda takarda ɗaya ke aiki a dukan ƙasashen ƙungiyar. Gana da Sudan suna cikin ARIPO mai hedkwata a Harare. Nijeriya ba cikakkiyar mamba ba ce a ko ɗaya, saboda haka rajistar Abuja ba ta kai Maraɗi ba, ta Yawunde ma ba ta kai Kano ba.

Wasu hukumomi biyu sun shafi wanda zai shigo da irin wannan fasaha. Hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, ita ke rajistar yarjejeniyoyin karɓar fasaha daga ƙetare, kuma sai da shaidarta bankuna ke aika kuɗin lasisi waje ta hanyar hukuma. Hukumar ARCON, wadda ta gaji APCON bisa dokar 2022, ita ke tantance tallan da aka nufi 'yan Nijeriya da shi kafin a nuna.

Abin lura ga ɗan kasuwa

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Wanda aka yi wa tayin allo a wasan ƙasa da ƙasa, ko a gasar Turai da ake kallo a nan, ya kamata ya nemi amsar waɗannan tambayoyi a rubuce kafin ya sa hannu.

Shin tallan zai kasance a kan allon zahiri ne, ko a cikin hoton da ake aikawa wani yanki? Idan na yanki ne, waɗanne ƙasashe, kuma ta wace tasha? Kyamarori nawa ne tsarin ya shafa? Wannan tambaya na da muhimmanci, domin a wasu tsare-tsaren babbar kyamara ko wasu 'yan kaɗan ne kawai aka yi wa awo, ta yadda idan aka koma hoton kusa ko aka maimaita cin ƙwallo sai allon zahiri ya bayyana. Yaya batun taƙaitattun hotunan wasa da ake yaɗawa daga baya, wane talla za su ɗauka? Idan kuwa allon zahiri ka saya a filin da ke nan gida, shin mai nuna wasan na da ikon rufe naka ya ɗora na wani, har ma na abokin hamayyarka? Wace shaida za a ba ka ta yawan daƙiƙoƙin da tallanka ya fito? A ƙarshe, idan kotu ta dakatar da kamfanin da ke saka tallan saboda rigimar mallakar fasaha, wa zai mayar maka da kuɗinka?

Ga masu tashoshin talabijin da kamfanonin ɗaukar hoto kuwa, akwai dama a cikin takardun da wa'adinsu ya ƙare. Hukumar Kare Mallakar Fasaha ta Duniya da ofisoshin rajista na Turai da Amurka sun buɗe rumbunan takardunsu a intanet kyauta, kuma kowace takarda bayani ne filla-filla na yadda aka warware wata matsala. Dabarun da suka bukaci mota cike da kwamfutoci a 1998, yau matashin injiniya na iya gwada tushensu da kwamfutar tebur. Sai dai a yi hattara: sababbin hanyoyin na iya kasancewa ƙarƙashin kariya har yanzu, kuma wanda zai sayar da aikinsa a ƙasar da takarda ke aiki ya nemi shawarar lauyan da ya san fannin tun kafin ya kashe kuɗi.

A taƙaice, wannan fasaha ta mayar da allo ɗaya haja mai yawa, kuma kuɗin da ke ciki ana raba shi ne bisa abin da aka rubuta: takardar mallaka tsakanin masu ƙirƙira, kwangila tsakanin mai fili da tasha da mai talla. Ɗan kasuwan da zai biya kuɗin allo a yau ya tabbatar an rubuta masa wanda zai ga tallansa, da ƙasar da za a gan shi, da tsawon lokacin da zai fito.